Shawarwari kan tunawa da malami kuma koci

Da aka zauna kan yadda za a karrama marigayi malam, wanda shi ne kocin yaran garin, baki ya zo ɗaya: a rage dogon yabo, a ba da labari. "Mutumin kirki ne" ai duk mamaci ana faɗa masa. Wanda ya tuna malam tsaye a bakin fili da usur a wuya, yana jiran yaron ƙarshe ya gama zagaye, shi ya sa mutane hawaye.

An ce a nemi yardar iyalinsa kafin a sa wa gasa sunansa. Batun kuɗi ne ya ɗan tada jijiyar wuya. Aka tsaya kan mutum biyu su riƙe, komai a rubuce. Tsofaffin hotuna kuwa a tattaro yanzu, tun da sauran masu gane fuskokin.