Neman shawara kan haɗa gilaidar soso mai rimot kafin tashin farko

Sabon Matuƙi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na sayi gilaida, wato ƙaramin jirgin rimot mai shawagi a iska ko da an kashe injinsa, ta soso nau'in da ake kira EPO, mai faɗin fukafukai mita 2, wadda ke da ƙaramar mota (injin lantarki) a hanci da farfela mai naɗewa. Ta zo da sarbo huɗu a ɗaure, wato ƙananan injinan da ke motsa marafan sarrafa jirgi, biyu a fukafukai, biyu kuma na wutsiya. Na zura sandar kabon na haɗa fukafukan, amma ban liƙa wutsiyar ba tukuna, domin ina tsoron kada sufa gulu ya cinye soson. Abin da ya fi damuna shi ne batir. Takardar jirgin ta ce a sa mai sel 3 na 1300 mAh, ni kuwa na 2200 mAh nake da shi, kuma da na ɗora jirgin a kan yatsuna a wurin da aka nuna a matsayin cibiyar nauyi, inda ya kamata ya daidaita, wato milimita 60 daga bakin fiffike na gaba, sai hancin ya rinjaya ƙasa sosai. Shin zan iya gyara wannan da tirim ɗin rimot, wato ƙananan maɓallan gyara saiti, bayan ya tashi, ko dole sai na nemi wani batirin?

Dattijon Fili:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka dogara da tirim a kan wannan al'amari, domin ba ya matsar da nauyi ko kaɗan. Abin da yake yi kawai shi ne ya riƙe elebeta, wato marfin wutsiya mai ɗaga hanci ko sauke shi, a ɗage, jirgin ya riƙa fama da hancinsa tun daga tashi har sauka. Gilaidar da hanci ya yi wa nauyi tana gudu fiye da kima, tana saurin rasa tsayi, kuma tana dira da ƙarfi. Wadda nauyinta ya koma baya kuwa ta fi haɗari, saboda da zarar ka taɓa sandar rimot kaɗan sai ta ɗaga kai ta tsaya cik a iska, sannan ta kife.

A yawancin irin waɗannan jirage cibiyar nauyi tana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike idan aka auna daga gaba, saboda haka ka amince da milimita 60 ɗin da aka ba ka. Ka sa ruwula ka auna a ƙarƙashin kowane fiffike, dab da gangar jiki, ka ɗiga alama da biro. Kada ka gwada sai ka liƙa wutsiya, ka sa farfela da risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot), ka rufe murfi, domin awon da ka yi ba wutsiya a jiki ba zai faɗa maka gaskiya ba. Mai yiwuwa ma shi ya sa rinjayen ya yi yawa haka. Bayan nan ka riƙa jan batirin baya da kaɗan da kaɗan har jirgin ya zauna daidai a kan yatsunka, ko hancin ya ɗan sunkuya. Ka zana layi a inda batirin ya tsaya, ka ɗaure shi da Velcro (maɗauri mai mannewa) yadda ba zai zame ba lokacin jifa.

Idan wurin batirin ya ƙare hancin bai daidaita ba, 'yar dalma a ƙarshen wutsiya za ta gyara, tunda wutsiya ta fi hanci nisa da fiffike. Amma ni a ganina ka nemi na 1300 ɗin. Naka ya fi shi da sama da giram 50, kuma duk darajar gilaida tana cikin rashin nauyinta.

Mai Gyaran Rediyo:

Malam ya gama maganar nauyi, bari in taɓa gam da rimot. Soson da sufa gulu ke narkarwa shi ne EPS, irin farin nan mai ɓarɓashi da ake samu a kwalin firji. EPO yana jure masa, amma ka fara ɗiga shi a wani lungu na ciki ka gani. Ni na fi son Araldite kaɗan a wutsiya, domin yana ba ka lokacin duba jirgin ta baya ka tabbatar wutsiyar kwance ta yi layi ɗaya da fukafukai kafin ya bushe.

Ka cire farfela kafin ka jona batir a cikin ɗaki. Ka kunna rimot da farko da sandar ba mota wuta a ƙasa, sannan jirgi; wajen kashewa kuma ka fara da jirgi. Ka mayar da duk tirim tsakiya, ka bar sarbo su daidaita kansu, sannan ka gyara tsawon wayar da ke tura kowane marfi har ya kwanta daidai da fiffikensa. Daga nan ka tsaya a bayan jirgin ka duba: idan ka kai sanda dama, elaron (marfin bayan fiffike) na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, idan ka jawo ta wajenka, elebeta ta ɗaga sama. Wannan dubawa ka mayar da ita al'ada kafin kowane tashi. Ka kuma kunna birkin ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun mota, in ba haka ba farfelar za ta ci gaba da juyawa bayan ka kashe mota, ta ƙi naɗewa, ta riƙa ja wa jirgin baya. A ƙarshe ka saita risiba ta kashe mota idan sadarwa ta yanke, ka gwada ta hanyar kashe rimot jirgin yana hannunka.

Sabon Matuƙi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na liƙa wutsiya, na ja batirin baya har ƙarshen wurinsa, yanzu hancin ɗan sunkuyawa kawai yake yi. Yaya zan yi jifan farko?

Dattijon Fili:

Madalla, hakan ya isa a fara. Ka nemi fili mai ciyawa da sassafe kafin iska ta taso, nesa da mutane da wayoyin wuta da filin jirgin sama, kuma ka duba ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan jirage marasa matuƙi kafin ka fita. Jifan farko ka yi shi ba mota: ka fuskanci iska, ka riƙe jirgin a ƙarƙashin fiffike, ka ɗan taka da sauri ka tura shi miƙe, hancin yana kallon ƙasa kaɗan. Kada ka cilla shi sama. Idan ya tafi sumul ya sauka can gaba, sai ka kunna mota a karo na gaba. Idan ya riƙa ɗaga kai yana sunkuyawa, ka matsa batir gaba. Idan ya nufi ƙasa kai tsaye, a nan ne ɗan tirim zai yi amfani.

Zafin ranarmu yana sa fatar EPO ta yi ƙuraje, musamman inda aka yi fenti mai duhu, don haka kada ka bar jirgin ko batirin a cikin motar hawa a rufe. Batirin kuma kada ka bari sel ɗaya ya sauka ƙasa da bolt 3.5, in za ka ajiye shi kwanaki ka bar shi a 3.8. Idan hannunka ya faɗa, ka fita da hantsi ka lura da inda shirwa ke kewayawa ba ta kaɗa fiffike. Iska mai ɗumi ce ke ɗaga ta, sai ka kashe mota ka shiga wurin kana kewayawa a hankali.