Neman shawara: kamarata tana sarewa in ina ɗaukar hoto a jere

Mai tambaya, daga Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah ku ba ni shawara. Hoton biki da suna na saba ɗauka, amma bana an ba ni aikin sukuwar dawaki, kuma ina da burin ɗaukar masunta a Matan Fada, wurin bikin kamun kifi na Argungu, lokacin da suka ruga ruwa da goruna da homa. Kamarata mai megafiksel 24 ce, littafinta ya ce tana ɗaukar hoto 5 a sakan ɗaya. In na danne maɓalli sai ta fara da zafinta, amma kafin doki ya iso gabana ta sare, ta koma ɗaya-ɗaya. Fitilar katin ajiyar hoto ta yi ta ci, ko duba hoton ba ya yiwuwa. RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoto mai nauyi da ba a sarrafa ba, haɗe da JPEG, wanda aka matse ya rage nauyi. Katin 64GB ne, an rubuta 100MB/s a jikinsa, da harafin U mai 1 a ciki. Tsufa ne ya kama ta, ko akwai gyara? Ba ni da halin sayen wata yanzu.

Mai gyaran kamara, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kamararka lafiya lau take. A cikinta akwai wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa, nan hoto yake fara sauka kafin ya wuce kati. Kamar mazurari ne a bakin kwalba: in ka zuba da sauri ya cika, dole ka jira ya tsiyaye. Yi lissafi da kanka. RAW ɗaya a irin kamararka ya kai wajen 25MB, biyar a sakan ya haura 120MB, ga JPEG a kai. Shi kuwa 100MB/s da ke jikin katin yawanci saurin karantawa ne, wato kwashe hoto zuwa kwamfuta. Saurin rubutawa shi ne damuwarka, kuma U1 alkawarin 10MB kacal ya yi maka a sakan. Nemi mai U3 ko V30, wanda ba ya sauka ƙasa da 30MB, masu kyau cikinsu ma suna ninka haka. Ka yi masa fomat a cikin kamarar, ba a kwamfuta ba.

Wani matashi, Gusau:
Yaya, ka sayi V90 kawai ka huta. Shi ne ƙarshe.

Hajiya mai situdiyo, Yauri:
A'a ƙanena, kada ka sa shi asarar kuɗi. V90 katin UHS-II ne, mai layi biyu na ƙarfe a baya. In ramin kamararsa UHS-I ne, layi ɗaya kaɗai zai taɓa, kuma iyakar wannan hanyar 104MB ce a sakan, ko nawa ya kashe. Malam, duba littafin kamarar tukuna. Abin da ya fi damuna ma jabun kati ne, sun cika kasuwa, kwali mai kyau ciki fanko. Ka sa shi a kwamfuta ka auna saurin rubutunsa kafin ranar aiki. Sannan ka cire JPEG ɗin nan da kake haɗawa. In kamarar tana ba da zaɓin RAW mai 12-bit, wanda bai kai mai 14-bit nauyi ba, koma can. A wasu ƙananan Nikon ma 14-bit yana rage gudu daga 5 zuwa 4. Ka kashe gyaran lanƙwasar lens na cikin kamara, shi ma yana cin bafa.

Dattijo a sana'ar, Zuru:
Yarona, duk abin da mai gyara da Hajiya suka faɗa gaskiya ne, amma ko wane kati ka saya bafar nan za ta cika in ka danne ba sakewa. Kai kana fara harbi tun doki yana nesa, sai ka ƙarar da ita a kan ƙura. Ka jira. Bari mahayi ya cika maka ido a madubi, ka saki uku ko huɗu, ka ɗaga yatsa, ka sake. A Matan Fada ma haka ne, gudun farko zuwa bakin ruwa shi ne hoton. In rana ta buɗe sosai, JPEG kaɗai ya isa, kuma zai kai ka nesa kafin ta sare.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: wani lokacin tun daga farko take jan ƙafa, tun bafar ba ta cika ba, musamman da yamma.

Mai gyaran kamara:
Wannan ba laifin kati ba ne. Da yamma haske ya ragu, shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta yi nauyi, kuma yawancin kamarori sai a saurin shata na 1/250 na sakan ko sama suke kai cikakken gudunsu. Doki ma 1/1000 yake so, don haka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamarar. Sa fokas a kan AF-C, wato mai bin abu yana motsi, ko AI Servo in Canon ce, ka duba ko an saita ta kada ta ɗauka sai fokas ya zauna, don wannan ma yana sa ta jan ƙafa. Filasha ma tana jan lokaci kafin ta sake cika, kuma a wasu kamarori batirin da ya yi ƙasa yana rage gudu. Don Allah kada ka buɗe murfin kati ko ka zare batiri fitilar nan tana ci, hotunan da ke bafa ba su sauka ba tukuna.