Rikodin jitar rok: in sayi amfilifaya na gaske ko manhaja ta isa?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'a. Ina kaɗa jitar lantarki, salon su Bombino da Mdou Moctar nake bi amma na fi son ƙarar ta yi kauri sosai irin ta rok, kuma yanzu so nake in fara rikodin a ɗakina. Wani zai sayar min da amfilifaya Marshall JCM800 ɗan gwanjo mai wat 100, kuɗin da ya sa kusan duk abin da na tara ne, wani abokina kuma ya ce in bar wannan in sayi Focusrite Scarlett, na'urar da ke jona jita da kwamfuta, in sa manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya a kwamfuta shikenan. Don Allah waɗanda suka taɓa aiki da su biyun ku ba ni shawara.

Mai Situdiyo Kaduna:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wat 100 a ɗakin kwana?? Wannan kayan dandali ne. Eh yana da maɓallin rage ƙara, amma daɗin da ake yabonsa da shi sai bawul ɗin ciki, wato kwalaben gilashin da ke ƙarfafa sauti, sun ɗau zafi sifika tana tura iska sannan yake fitowa, kuma kafin ka kai nan maƙwabta sun zo ƙofa. Ga batun wuta, in daga Amurka aka kawo shi to na volt 120 ne, tamu kuwa ta haura 200, ka jona kai tsaye ya ƙone, in kuma janareta ne wutar na hawa tana sauka duk gurnanin zai shiga rikodin ɗinka. Bawul EL34 in ya mutu a ina za ka samo, wa zai gyara? Ni dai manhaja nake ba ka shawara. Akwai AmpliTube da Guitar Rig, akwai Neural Amp Modeler ma kyauta ce, kuma in aka haɗa jitar da ganga da bas wallahi da wuya mai sauraro ya bambance.

Tsohon Makaɗi:
Malam Mai Situdiyo ban yarda da kai duka ba. Mai sauraro ƙila ba zai gane ba, amma mai kaɗawa yana ganewa a yatsunsa. In ka tsaya gaban sifika ƙarar tana komowa ta girgiza tsirkiyar jitar, sai sautin ya riƙe ya yi ta kuka ba ya yankewa, wannan da belun kunne ba za ka same shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen biki a Agadas ya ga makaɗi yana matsawa kusa da amfilifaya yana ja da baya ya san abin da nake nufi. Inda na yarda da kai shi ne girman. Yaro na, nemi ƙarami mai wat 15 ko ƙasa, ka sa makirofo Shure SM57 dab da ragar sifika, kar ka saita shi tsakiya cif don zai yi tsini da yawa, gusa shi kaɗan gefe, ka saurara, ka sake gusawa. Faɗin yatsa biyu yana canza komai.

Hajiya Miksin:
Ku biyun kuna da gaskiya amma ba dole ya zaɓa yau ba ai. Ya jona jitar a ramin kayan kiɗa na Scarlett ya ɗauki sautin tsurarsa ba komai a kai, manhajar tana saman ne kawai, ko an gama kaɗawa zai iya canza amfilifaya sau nawa ya ga dama. Ran da ya samu situdiyo mai amfilifaya na kirki sai a tura wannan tsuran ta cikinsa a sake ɗauka da makirofo, manyan situdiyo ma haka suke yi.

Masu cewa manhaja tana ƙara kamar ƙudan zuma a gwangwani, yawanci ɓangaren da ke kwaikwayon akwatin sifika ne ba su kula da shi ba. Zaɓi mai kyau, ka yanke sautin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri ko tsinin sauti) da tsinin da ke sama da wajen 7,000 Hz, ka rage ƙazantar sautin, wato kaushin nan irin na rok, fiye da yadda kake zato, sannan ka kaɗa sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. In kana jin sauti na makara bayan ka taɓa tsirkiya mayar da bafa, wato saitin yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, zuwa 128 ko 64.

Ɗan Damagaram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Scarlett ɗin zan fara saya. Amma jitata Stratocaster ce kuma tana wani zzzz ko ban taɓa ta ba, manhaja za ta cire shi?

Mai Situdiyo Kaduna:
Ƙara shi ma za ta yi in ka ɗaga ƙazantar. Halin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya a Stratocaster ne, yana jawo gurnanin wuta. Matsa nesa da kwamfuta da fanka, cire cajar laftof ka yi rikodin da batir, juya jikinka a hankali har ka samu kusurwar da ya yi shiru, ko ka sa maɓallin zaɓin maganaɗisu da ke jikin jitar a matsayi na 2 ko na 4, a yawancinsu nan gurnanin ke raguwa.