Mussata ta yi ƙiba, an ce kitse ya yi yawa cikin jininta

Maman Ilham, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum, don Allah masu kiwon mussa ku taimaka min da shawara. Tawa ta kai kilo 6, ko katanga ba ta iya hawa yanzu sai kwanciya ƙarƙashin gado, munka kai ta wurin likitan dabbobi ya ɗebi jini ya ce kolestarol ɗinta, wato kitsen cikin jini, ya hau. Abin da munka ci shi take ci, tuwon shinkafa da miya, soyayyen kihi, yara kuma su zuba mata madara. Maigida ya ce a hana ta abinci kwana ukku ta rame, ni kuma wallahi tausayinta nike ji. Mi za ni yi?

Abu Sadik, Gusau:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki ba maigida haƙuri, kada a yi mata horon yunwa ko kaɗan. Mussa mai ƙiba in ta yi kwana biyu ukku ba ta ci ba, kitsen jikinta hanta yake tahiya ya cika ta har ta kasa aiki, sai ki ga ido ya koma ruwan ɗorawa, kuma yana kisa. Shi kolestarol bai cika toshe musu jijiya irin na mutane ba, galibi alama ce ta wani abu daban, ciwon suga ko hanta ko ƙoda, don haka a duba suga. Kuma da cikinta cike anka ɗebi jinin? Ka'ida sai ta yi awa 12 ba ta ci ba, in ba haka ba sakamakon yana iya yin sama.

Inna Rabi, Argungu:
'Yar nan tuwon ne matsalar, mussa halittar cin nama ce. Dafa mata kihi ko kaza da ruwa zalla, ba mai ba magi, ki cire ƙaya, ki auna ki raba sau ukku a yini. Miya kam a daina gaba ɗaya, albasa da tafarnuwa lalata musu jini suke. Madara ma zawo take sa da yawansu. Ramar a hankali, in ta rage giram 60 a sati ya isa. Ki sa yaran nan su ɗaura tsumma a zare su riƙa ja tana bi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Ta ci kihi da safen nan kafin mu tahi, kuma kwanan nan tana yawan shan ruwa da hitsari.

Abu Sadik:
To wannan shan ruwan ki faɗa ma likita, alamar suga ce babba. Ku koma cikin satin nan, kada ku jira.