Lifta tana hawa, wai jan igiya bai fi nauyinta ba?

Sani: Jama'a, amsar nan ba ta shige ni ba. Lifta mai mas (yawan jikin abu) kilogiram 800 tana hawa da gudun mita 2 a sakan, ba ƙari ba ragi. Wai jan igiyar niyuton (ma'aunin ƙarfi) 7,840 ne, daidai da nauyinta, wato mas 800 sau 9.8 na jan ƙasa. In ja sama da ja ƙasa sun yi kunnen doki, ai tsayawa za ta yi cak. Dole igiya ta rinjaya.

Hajara: Ina ka ga gudu a F = ma, dokar Newton? F ragowar ƙarfi ce, wato abin da ya saura in an cire jan ƙasa daga jan sama, m kuma mas. Wannan a ɗin sauyin gudu ne. Gudu bai sauya ba, a sifili ke nan, ragowar ƙarfi ma sifili.

Sani: Wannan lissafin takarda ne. Tura akwati ki sake shi, ki ga ko zai ci gaba da tafiya.

Hajara: Gogayyarsa da ƙasa ce ta tsayar da shi. Lokacin da kake turawa da gudu ɗaya, turinka da gogayyar ne suka yi daidai.

Kabiru: Ni fa ina bayan Sani. Injin lifta yana shan wuta duk tsawon hawan. Da komai sifili ne, me yake yi da wutar?

Malam Isa: Kabiru, tambayarka ta fi ta farko daɗi, amma ka haɗa abu biyu. Ragowar ƙarfi ce sifili, igiyar kuwa tana nan tana ja da 7,840. Ja sau nisan da aka hau shi ne aiki. A mita 2 kowane sakan, igiyar tana yin aikin jul (ma'aunin aiki) 15,680 a sakan guda, kuma duk yana tafiya ne wajen ɗaga liftar. Ko ɗigo bai shiga ƙarin gudu ba.

Sani, ra'ayinka na Aristotle ne, kuma ya daɗe yana mulki kafin Galileo ya girgiza shi, Newton ya rubuta dokokinsa a 1687. Amma ba a komai ka yi kuskure ba. A farkon tashi igiya tana rinjaya. In gudun yana ƙaruwa da mita 1.5 a sakan kowane sakan, T − mg = ma (T jan igiya, mg nauyi), wato jan ya zama 800 × (9.8 + 1.5) = 9,040. Ragowar 1,200 ce. Amma na ɗan lokaci ne, da ta kai gudunta sai jan ya koma 7,840.

Sani: Malam, to kun yarda dai sai da rinjaye take hawa.

Malam Isa: Take fara hawa. Yanzu lissafa mini lokacin da ta kusa bene na sama tana rage gudu da 1.5.

Hajara: 800 × (9.8 − 1.5) = 6,640. Jan ya gaza nauyi da 1,200, kuma har yanzu sama take yi!

Sani: Haba! Ragowar ƙarfi tana ƙasa, abu yana sama?

Hajara: Jefa dutse sama mana. Da ya bar hannunka wa ke tura shi? Nauyinsa ne ke jansa ƙasa, amma yana hawa har gudun ya ƙare.

Kabiru: Amma lifta ta gaske tana da ƙarfen da ke rataye a ɗaya gefen igiyar.

Malam Isa: Wannan sauƙaƙa wa injin yake yi. Liftar kanta abu biyu ke janta, igiya da nauyi, in an bar gogayya. Wanda bai gamsu ba ya shiga da sikeli. Mai kilogiram 60 zai ga kusan 69 a tashi, 60 a tsakiya, kusan 51 wajen tsayawa.

Sani: Na tsakiyan nan ne nake ja da shi. Sai na hau sikelin da ƙafata, Malam.