Stacey Abrams: ƙwararriyar lauya ce ko dai suna ne kawai?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an ambaci Stacey Abrams sai ka ji "ai wadda ta faɗi zaɓen gwamna sau biyu", shi ke nan an rufe babinta. Matar da ta zauna a majalisar wakilan jihar Jojiya daga 2007 zuwa 2017, tun 2011 take shugabar marasa rinjaye, kuma ita ce mace ta farko da ta ja ragamar jam'iyya a majalisar jihar. Ga ta ƙwararriyar lauya, ga ta marubuciya. A zamaninta babu ɗan majalisar jiha a Amurka da ya kama ƙafarta. Wanda ya musa ya kawo suna.

Barista Na'Allah: Wa alaikumus salam. Malam, cire kalmar "ƙwararriya" tukuna. Ta gama karatun lauya a jami'ar Yale a 1999, ba musu. Amma aikin da aka san ta da shi na haraji ne, a wani kamfanin lauyoyi a Atlanta. Wace shari'a ta tsaya gaban alƙali ta ci?

Maman Sadiq: Haba Barista, da bakinka? Sai mai tsayawa a kotu ne lauya? Fanninta ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji ne, da harkar lafiya, da kuɗin gwamnati. Aikin ba wasa ba ne. Za ka tsara takardar kafa ƙungiya ka fayyace manufarta, ka cike fom 1023 na neman yafewar haraji ka miƙa wa hukumar haraji ta IRS, sannan duk shekara a kai fom 990 na rahoton kuɗi. Aka yi shekara uku a jere ba a kai ba, yafewar ta faɗi da kanta, ko wasiƙar alƙali ba a jira. Ƙungiyar da ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar haraji kuma an hana ta goyon bayan ɗan takara sam, ta 501(c)(4) ce ke da ɗan sarari. A nan mutane ke zamewa.

Barista Na'Allah: Madalla Hajiya, kin kawo mini makami da hannunki. New Georgia Project, ƙungiyar rajistar masu zaɓe da ita ta kafa, a Janairun 2025 hukumar ɗa'a ta jihar ta ci ta tarar dala 300,000 kan kuɗin da ta kashe wajen tallata takarar Abrams ta 2018 ba tare da ta bayyana ba. Ina ƙwarewar?

Maman Sadiq: Abrams ta bar shugabancin ƙungiyar tun 2017. Laifin wani ba ya hawa kan wani. Kuma tana da shekara 29 aka naɗa ta mataimakiyar lauyan birnin Atlanta. Ana bai wa ɗan koyo wannan kujera?

Ɗan Tasha: Naɗin siyasa ne Hajiya.

Maman Sadiq: Kawo hujja, ƙanena.

Ɗan Tasha: Kowa ya sani. Ni "marubuciya" ɗin ma ban yarda da ita ba. Littattafan soyayya takwas ta rubuta, ta ɓuya bayan sunan Selena Montgomery. Da tana alfahari da su me ya sa ta ɓoye suna?

Anti Bilki: Kai yaro, kama bakinka. Na farkon tana shekarar ƙarshe a Yale ta rubuta shi, ya fito a 2001. Ka san aikin da ke cikin labarin soyayya mai haɗe da bincike? Sai ka tsara taurari biyu da abin da ya raba su, ka binne sirrin tun babin farko, ka riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan. Ka sake shi da wuri mai karatu ya ajiye littafin, ka riƙe shi da yawa ya gaji. Rainin da ake yi wa matan Kano masu rubuta littattafan soyayya shi kuka kwaso kuka kai Amurka.

Ɗan Tasha: Anti ni ban zagi matan Kano ba.

Anti Bilki: Ka zage su mana, a kaikaice.

Malam Habu Mai Lissafi: Ku dawo majalisa don Allah. Kujeru 180 ne, ƙudiri ba ya wucewa sai da ƙuri'a 91, zaman shekara kuma kwana 40 ne kacal. 'Yan Dimokurat ɗinta wajen kashi ɗaya cikin uku suke. Mai wannan adadi ba ya yin doka shi kaɗai: ko ya hana, ko ya yi ciniki. A 2011 tallafin karatu na HOPE, wanda kuɗin cacar jihar ke ɗaukar nauyinsa, ya fara cin fiye da abin da ke shigowa. Ta zauna da Gwamna Nathan Deal, ɗan Rifablikan. Aka rage wa yawancin ɗalibai zuwa kashi 90 na kuɗin makaranta, cikakken tallafi sai mai matsakaicin maki 3.7 a sakandare da 1,200 a jarrabawar shiga jami'a ta SAT. Abin da ta samo shi ne rance mai ruwan kashi 1 da kuma barin azuzuwan share fagen firamare su ci gaba da wuni.

Ɗan Tasha: Wato ta sayar da 'ya'yan talakawa. Abokiyar takararta Stacey Evans ma da wannan ta yaƙe ta a zaɓen fid da gwani na 2018.

Malam Habu Mai Lissafi: Kuma Abrams ta cinye da kusan kashi 76.

Barista Na'Allah: Ta je babban zaɓe ta faɗi, ta ƙi taya Brian Kemp da ya kayar da ita murna. Lauyan ƙwarai yana girmama sakamako.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, a lokacin Kemp shi ne sakataren jiha, ofishinsa ke kula da zaɓen da yake takara a ciki. Rajista kusan 53,000 aka jingine saboda dokar sai suna ya dace harafi da harafi da na lasisin tuƙi. Ɗan karan ɗori ya ɓace a sunanka, an jingine ka. Mafi yawansu baƙaƙen fata ne. Ratar kuwa wajen 55,000, Kemp ya tsira da kashi 50.2, kaɗan ya rage a je zagaye na biyu.

Barista Na'Allah: Waɗanda aka jingine suna iya jefa ƙuri'a in sun nuna katin shaida mai hoto. Ƙungiyarta Fair Fight Action ta kai ƙara, alƙali Steve Jones ya yanke hukunci a Satumban 2022, ba ta yi nasara ba. Alƙalin nan Obama ne ya naɗa shi. A Nuwamban shekarar Kemp ya sake kayar da ita da sama da maki 7.

Anti Bilki: Barista dai tun fil azal ba ya son mace ta yi fice.

Barista Na'Allah: Subhanallah. Hajiya ki janye wannan.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. Abin da muka fahimta: an tabbatar Abrams ƙwararriyar lauya ce, bayanin Maman Sadiq ya gamsar da kowa. Rubutunta ma an yarda aiki ne. Masu suka ba su kawo komai ba sai batun faɗuwa zaɓe, zaɓen da alƙalin wasa ke buga ƙwallo a ciki. An rufe.

Barista Na'Allah: Shugaba, tarar dala 300,000 da hukuncin Steve Jones fa, ina ka kai su? Kuma har yanzu ba a faɗa mini shari'a ɗaya da ta ci ba.