Kunyar Ɗan Fari: Musayar Baitoci

Sabon Uba, Sabon Tasha, Kaduna

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ga abin da ke damuna, mai amsa ya ɗora.

Da sunan Uba, mai ba da kyauta,
Da Ɗansa Yesu da ya fanshi raina.

Ubangiji ya ba mu ɗa na fari,
Uwargida ta sauka, ku taya ni murna.

Na je asibiti da flas na shayi,
Nas ta ɗora shi a kan hannuna.

Ban san sa'ar da kuka ya ƙwace ba,
Hawaye na zuba har bisa ƙirjina.

Goggo ta zo domin wankan jego,
Ta gan ni riƙe da shi, ta ce, "Haba ɗana,

Na fari ne fa, ajiye shi maza,
Ina kunyar da ka gada gun Yayana?"

Gaskiyarta, don ni ma na fari ne,
Ban taɓa jin Baba ya kama sunana.

Sai na buɗe Matiyu sura 3,
Aya 17 ta hana ni kwana.

A bakin Urdun, gaban taron jama'a,
Uba ya ce daga sama, wannan ne Ɗana.

Ku faɗa mini, iyaye da dattawa,
Kunya zan riƙe, ko in furta ƙauna?

Dattijon Wusasa

Barka da arziki, Allah ya raya,
Tambayarka, ɗana, ban ji raini cikinta ba.

Sai dai kar ka yi wa tsoho saurin hukunci,
Shirun da ya yi bai nuna ƙiyayya ba.

Uba nawa ya kai masararsa kasuwar Giwa,
Ya biya makaranta, bai gaya wa ɗan ba?

Dubi Yusufu, kafintan Nazarat,
A Bishara huɗu ba a ji muryarsa ba.

Mala'ika ya ce tashi, ya tashi cikin dare,
Ya ɗau yaro da uwa, bai jira asuba ba.

Har Masar ya kai su saboda Hirudus,
Ya zauna baƙo, ba ƙasar ubansa ba.

A Haikali tsuntsaye biyu suka miƙa,
Hadayar talakan da bai iya ɗan rago ba.

Tun 1932 Littafi ke hannunmu da Hausa,
Iyayenmu sun karanta, ba su yar da kunya ba.

Mama 'yar Zumunta, Kafanchan

Baba, na durƙusa, a gafarce ni,
Mu mata ma muna da abin cewa.

Yusufun da ka kawo ya yi shiru da baki,
Amma hannunsa ba ya hutawa.

Maza da yawa sun ɗauki shirun nasa,
Tashin daren kuwa suna ƙyalewa.

Mai jego ta sha ruwan zafi safe da yamma,
Jiki duk tsami, ga yaro na farkawa.

Ƙarfe biyun dare, ba wuta, ga sauro,
Maigida ya juya baya, ba ya motsawa.

Da safe ya ɗau Littafi ya nufi sujada,
Ya bar ta da wanki, jiri na ɗaukawa.

Wannan yana ci mini rai, 'yan'uwa,
Mun ga hawayen 'ya'yanmu suna zubowa.

Ɗana, faskara itace, hura wutar wanka,
Ɗebo ruwa, dama kunu kana iyawa.

Kai shi rigakafi, riƙe katin da kanka,
Sati 6, sati 10, sati 14 ana komawa.

Wata 6 nono zalla, haka likitoci suka ce,
In Goggo ta ce ruwa, kai ne mai tsayawa.

Ka tsaya da ladabi, kar ka ɗaga murya,
Tsohuwa in an girmama ta tana saukowa.

Ka kira sunansa ko kar ka kira,
Ka dai tashi in ya yi kuka, shi nake nunawa.

Uban Tagwaye, Jos

Mama, kin faɗa, ba ni da ja,
Ni biyu aka ba ni a rana ɗaya.

Addu'ar safe da muke yi a zaune,
Yanzu a tsaye nake yi, ina zagaya.

Ɗaya a kafaɗa, ɗaya gun uwarsu,
Zabura 121 nake rerawa, ba gajiya.

Mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi,
Ni ina yi, shi ne yake ɗauke da dawainiya.

Baba na Wusasa, ga Luka sura 15,
Uban nan ma dattijo ne mai dukiya.

Ya hango ɗansa tun yana nesa,
Ya sheƙa a guje, bai tsaya jin kunya.

Ya rungume shi, ya sumbace shi,
Yesu da kansa ya ba mu wannan tarbiyya.

Dattijon Wusasa

Na ji ku, 'ya'yana, ban musa Luka ba,
Rungumar ɗa ban ce zunubi ce ba.

Ɗauke shi, yi masa waƙa, sa masa albarka,
Amma kar Goggo ta koma an ce ba ta waye ba.

Ta baro gonarta da kajinta ta zo,
Kwana arba'in za ta yi, ba a biya ta ba.

Dokar girmama uwa da uba na nan,
Zuwan jariri bai shafe ta ba.

Sabon Uba

Na gode, Baba, na gode, Mama,
Da kai, Uban Tagwaye, ɗan'uwana.

Gaban Goggo zan miƙa mata jikanta,
In durƙusa in gaishe ta da kwana.

A ɗaki kuwa ni ne mai jijjiga,
Uwar ta samu barci ko da rana.

Zan kira sunansa ya ji daga bakina,
In gaya masa ni da uwarsa muna murna.

Zan karanta masa Afisawa 6 aya 4,
Gargaɗin ubanni, ya zauna a kaina.

Na aika ƙauye Baba ya zaɓi suna,
Hakkinsa ne, shi ne mahaifina.

Asabar da sassafe Fasto zai zo,
Zumuntar Mata za su zo da tukwane da waina.

Rago bai samu ba, akwai kaji da kunu,
Duk wanda ke kusa, ya zo mana suna.